Vuk: Sunan da Aka Raɗa Don Mayya Ta Ji

A ƙasar Sabiya, can kudu maso gabashin Turai, akwai wani sunan maza mai harafi uku kacal: Vuk. Bahaushe, da yake bakinsa bai saba da harafin farkon ba, zai ce Buk ko Wuk, kuma bai kauce da nisa ba. Ma'anarsa ba ta bukatar a je wurin malami, domin kalmar da Sabiyawa ke kiran kyarkeci da ita ce, ba ƙari ba ragi. Dabbar da ke ɓarna a garke da yaron da ke rarrafe a tsakar gida sunansu ɗaya. In za a kira mai sunan, sai ƙarshen kalmar ya juya, yadda nahawunsu ya tanada, a ce "Vuče", wato kamar Bahaushe ya ce "Vuce".

Kyarkecin da ake nufi ba irin na dajinmu ba ne. Babbar dabba ce mai ruwan toka, mai yawo a ayari cikin duwatsun yankin Balkan, wadda yunwa ke saukowa da ita kusa da ƙauyuka in dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. Malamanmu sun daɗe suna amfani da kalmar kyarkeci wajen fassara dabbar da 'yan'uwan Annabi Yusuf suka yi wa ƙazafi, to wannan dabbar ce. Ga mutanen da arzikinsu tumaki ne da awaki, babu abin da ya kai ta zama abin tsoro. Sai ga shi sunanta suka zaɓa wa 'ya'yansu.

Bayanin da aka fi saurin bayarwa shi ne ƙarfi da jarumta: wai iyaye na fatan ɗansu ya tashi marar tsoro. Ban ce babu wannan ba. Amma a ganina ya zo ne daga baya, ko kuwa ya fi zama a gidajen sarauta. A gidan talaka sunan ya fito daga wani wuri dabam, wurin da ya fi zafi, kuma mun san haka ne daga bakin mutumin da ya fi kowa shahara da sunan.

An haifi Vuk Stefanović Karadžić a shekarar 1787 a ƙauyen Tršić, kusa da garin Loznica a yammacin Sabiya, lokacin ƙasar tana hannun Turkawa. Iyayensa, Stefan da Jegda, sun haifi 'ya'ya kafin shi, duk suna komawa tun suna ƙanana. Da ya girma ya rubuta ƙamus ɗin harshensu, sai ya zo kan kalmar sunansa, bai tsaya ga cewa sunan namiji ne ba. Ya bayyana cewa in mace ba ta samun 'ya'ya su tsaya mata, sai ta raɗa wa jariri Vuk, saboda mutane sun ɗauka mayu ne ke cinye yaran, kuma mayya ba za ta yi gigin tunkarar kyarkeci ba. Sannan ya ƙara da cewa shi ma dalilin da ya sa aka sa masa sunan ke nan. Ƙamus littafi ne da marubuci ke ɓoye kansa a cikinsa, amma a wannan gurbin mutumin ya fito fili, ya ajiye tarihin mahaifiyarsa a tsakanin kalmomi.

Duk sunan da muka saba da shi yana da wanda ake so ya ji shi. Wani ana sa shi don dangi su ji an yi wa kaka takwara, wani don yaron ya tashi ya ji nauyin wanda ya ci sunansa, wani kuma addu'a ce kai tsaye. Vuk ba a raɗa shi don ko ɗaya daga waɗannan ba. An raɗa shi ne don wadda ake tsammanin tana laɓe a bayan ɗaki da dare ta ji. Sabiyawa suna ce mata "veštica", kuma a camfinsu mace ce da kurwarta ke fita jikinta in ta yi barci, ta shiga gidaje, ta ci zuciyar mutane, musamman jarirai. Wanda ya taso a ƙasar Hausa ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan tsoron. Uwa ba ta da makami, ba ta da likita, ba ta san abin da ke ɗauke mata 'ya'ya ba. Abin da ke hannunta kawai shi ne kalmar da za a riƙa kiran yaron da ita. Sai ta mai da kalmar garkuwa: duk lokacin da aka kira shi, ana sanar da mai laɓe cewa ba jariri ne a ɗakin nan ba.

Ba su tsaya ga suna kaɗai ba. Masu nazarin al'adun Sabiyawa sun rubuta cewa a wasu yankuna akan yanko fatar da ke kewaye da bakin kyarkeci, a busar da ita kamar zobe, a zura jariri ta ciki, kamar dai dabbar ta haɗiye shi ta sake haifo shi nata. A wasu wurare kuma wata tsohuwa ce za ta fita ƙofar gida ta yi shela cewa macen kyarkeci ta haifi ɗanta. Haƙorin dabbar da gashinta ma sun shiga layun yara. Duk dabara ɗaya ce: a sauya wa yaro dangi, a shigar da shi gidan da ba a taɓawa.

Kuma Vuk ba shi kaɗai ba ne a wannan sahun. Akwai Stojan da Stanoje, da na mata Stana da Stanka, waɗanda suka fito daga kalmar tsayawa: yaron ya tsaya, ko mutuwar ta tsaya haka nan. Akwai Živko da Živan, daga kalmar rai. Akwai Gvozden, daga ƙarfe. Akwai Prodan, wato wanda aka sayar, domin akan yi cinikin wasa, a ce an sayar da jaririn ga maƙwabciya, don abin da ke bibiyar gidan ya ɗauka ba nasu ba ne. Akwai kuma sunaye masu ma'anar muni, irin su Grdan, don kada ido ya tsaya a kan yaron.

A nan ne hanyar Sabiyawa ta haɗu da tamu, ba don wani ya koya daga wani ba, sai don ciwon ɗaya ne. Hausa tana da kalma ga wannan masifa: wabi. Kuma tana da sunayenta, Ajuji, Ayashe, Ajefas, Bawa. Mace mai wabi takan nuna kamar ba ta damu da jaririn ba, ta kira shi abin yarwa a juji, ko ta ce bawa ne, ba ɗan gida ba. Prodan da Bawa kusan tunani ɗaya ne ya haife su. Inda aka rabu shi ne a kan Vuk. Uwar Ajuji tana cewa ba shi da darajar da za a ɗauka, uwar Vuk kuwa tana cewa ya fi ƙarfin a ɗauka. Ɗaya ta rage murya, ɗaya ta ɗaga, amma dukkansu ƙarya suke yi wa mutuwa saboda so. Akwai kuma wani bambanci na tsari. A wurinmu Ajuji laƙabi ne da ke lulluɓe sunan yanka, akwai Muhammadu ko Ibrahim a ƙarƙashinsa. A wurinsu Vuk shi ne sunan gaba ɗaya, wanda ake shiga coci da shi a yi wa yaro baftisma, ya zauna kafaɗa da kafaɗa da sunayen waliyyansu irin su Jovan da Nikola da Petar. A al'adarsu wani amini na gida da ake kira "kum", wanda ke tsaya wa yaro ranar baftisma, shi ke da ikon furta sunan.

Mai imani ya san suna ba ya kore ajali, kuma abin da ke kashe jarirai a ƙauyukan wancan zamani cututtuka ne da rashin magani, ba tsohuwar maƙwabta ba. Camfin maita ya jawo wa mata marasa laifi wulaƙanci a Turai kamar yadda ya jawo a nan, wannan ba abin yabo ba ne. Amma ba zan iya raina uwar da ta binne 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kama abin da hannunta ya kai gare shi ba. Kuskurenta a kan dalili ne. Abin da ya motsa ta kuwa babu kuskure a cikinsa.

Ita kanta kalmar ta girmi Sabiyawa nesa ba kusa ba. Masana harsuna sun bi sawunta har zuwa tsohon harshen da ya haifi yawancin harsunan Turai da na Farisa da arewacin Indiya. A Sanskrit ana cewa "vrka", a harshen Lituwaniya "vilkas", a Rashanci "volk", a harshen Folan "wilk", a na Cek "vlk". Kalmar Jamusanci da ta Ingilishi duk daga tushen nan suke. A tsofaffin rubuce-rubucen Sabiyawa ma da harafin "l" ake rubuta ta, kamar ta Cek. Wajajen ƙarni na 14 zuwa na 15 ne wannan "l" da ke tsakanin baƙaƙe ya narke a bakinsu ya koma wasalin "u". Abin bai tsaya a kan kyarkeci ba: haka kalmar cika ta zama "pun", kalmar rawaya ta zama "žut". Saboda haka mutumin da littattafan yau ke kira Vukan, Vlkan aka rubuta shi a zamaninsa.

Masu wannan suna a tarihi ba ƙananan mutane ba ne. Wani Vukan ya mulki ƙasar Raška a ƙarshen ƙarni na 11 zuwa farkon na 12. Babban ɗan Stefan Nemanja, wanda ya kafa gidan sarautar da ya fi kowane suna a tarihinsu, shi ma Vukan ne. Sarki Vukašin ya mutu a yaƙin kogin Marica da Turkawa a 1371. A irin waɗannan gidaje mai yiwuwa ne ma'anar jarumta ta fi rinjaye, kamar yadda Jamusawa suka yi Wolfgang da Rudolf, Larabawan da kuma suka riƙa sa wa 'ya'yansu sunayen namun daji don razana abokan gaba. Mu ma abin ya iso mu ta wannan ƙofar ba tare da mun lura ba: mahaifin Halimatus Sa'adiyya ana masa alkunya da Abu Zu'aib, wato uban ɗan kyarkeci, kuma malaman lugga sun lissafa Uwais cikin sunayen wannan dabba.

Daga wannan ɗan guntun tushe sunaye suka yi ta tsiro: Vukašin, Vukota, Vukosav, Vukadin, Vukić, Vučko, da na mata irin su Vukosava da Vukica. Da aka zo yin sunayen zuriya sai aka samu Vuković da Vučković da Vukčević da Vučić, wanda shugaban ƙasar Aleksandar Vučić ke amsawa. Har ɗan kyarkecin da aka zana ya zama tambarin wasannin Olamfik na hunturu a Sarayebo a 1984, Vučko aka sa masa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mutanen da suka cika gidajensu da wannan suna su ne kuma ke jin tsoron furta shi. A ƙauyuka, musamman da dare ko a lokacin sanyi, akan kauce wa kiran dabbar da sunanta, a ce "nepomenik", wato wanda ba a ambata. Suna da karin maganar da ke cewa ana zancen kyarkeci sai ga shi a ƙofa, inda mu za mu ce ɗan halak ya ƙi ambato, sai dai tasu ta fito daga fargabar cewa ambato kira ne. A watan Nuwamba akwai kwanakin da suke kira Mratinci, waɗanda aka keɓe wa kyarketai: mata ba sa taɓa aikin ulu, ba a buɗe almakashi, don bakin dabbar ya zauna a rufe. Tatsuniyoyinsu kuma sun mai da Waliyyi Sava, babban limamin cocin Sabiya na farko, makiyayin kyarketai, wanda ke tara su ya raba wa kowanne abincinsa na shekara. Wani masani, Veselin Čajkanović, wanda ya rasu a 1946, ya tafi a kan cewa kafin zuwan Kiristanci Sabiyawa sun ɗauki kyarkeci tamkar kakansu na asali, kuma waliyyin ya gaji matsayin wani tsohon abin bauta ne. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, abu ɗaya ya fito: imanin da ya hana su kiran dabbar shi ne ya sa su kiran yaron da ita. Wanda ya yarda kalma tana iya jawo kyarkeci ƙofa, zai yarda tana iya tsayar da shi gadi a bakin shimfiɗar jariri.

Suna kuma yana ɗaukar ƙurar masu shi. Vuk Branković surukin Yarima Lazar ne, kuma ya jagoranci wani ɓangare na rundunar Sabiyawa a yaƙin Kosobo da Turkawa na 1389. Waƙoƙin baka na bayansa sun ɗora masa laifin cin amana, suka ce ya janye mutanensa ya bar surukinsa a fili. Masana tarihi ba su sami shaidar haka a rubuce-rubucen zamanin ba, kuma an san ya ci gaba da turje wa Turkawa har ya mutu a hannunsu a 1397. Duk da haka sunansa ya zama abin da ake jifan maci amana da shi har yau. Wanda ya tattara waƙoƙin da suka tabbatar masa da wannan tabo a takarda kuwa takwaransa ne, yaron nan na Tršić.

Yaron ya rayu, ko da yake ba da cikakkiyar lafiya ba, don ciwon ƙafa ya kama shi yana saurayi, ya ƙare rayuwarsa yana dogara ƙafar hagu da katako. Ya fara karatu a wurin wani ɗan'uwansu, ya ɗan zauna a gidan ibada na Tronoša. Da Sabiyawa suka yi wa Turkawa bore a 1804 a ƙarƙashin Karađorđe, ya yi musu aikin magatakarda. Da boren ya karye a 1813 ya tsallaka zuwa Biyana, inda ya haɗu da Jernej Kopitar, wani masani ɗan Sulobeniya, wanda ya ga yadda yake rubutu da harshen ƙauye tsantsa ya ƙarfafa masa gwiwa. A lokacin masu ilmin Sabiyawa suna rubutu da wani gaurayen harshe na coci da Rashanci wanda manomi ba ya ganewa. Karadžić ya tsaya a kan cewa harshen makiyaya da masu noma shi ya cancanci littafi, kuma a rubuta yadda ake furtawa. A 1814 ya fitar da tarin waƙoƙin baka na farko da ɗan littafin nahawu. A 1818 ƙamus ya fito da kalmomi sama da 26,000, kowace da fassarar Jamusanci da Latin, bugu na biyu kuma a 1852 ya haura 47,000. Ya zubar da haruffan da ba su da aiki, ya shigo da sababbi shida, ya tsayar da abacada mai harafi 30, kowane sauti da harafinsa. Ya zauna gaban mawaƙa irin su makaho Filip Višnjić, masu rera tarihi da wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake gogawa kamar kukuma, ya rubuta abin da ke bakinsu. Jacob Grimm ya fassara nahawunsa zuwa Jamusanci a 1824, Goethe ma ya yaba waƙoƙin.

Bai sha da daɗi ba. Manyan coci, a gaba-gaba Stefan Stratimirović, sun yaƙe shi. Harafin "j" da ya aro daga rubutun Latin ya sa aka zarge shi da yi wa Katolika aiki, kalmomin batsa da ya bari a ƙamus don mutane suna faɗarsu kuma suka ƙara wa wutar mai. An hana amfani da tsarin rubutunsa a Sabiya shekara da shekaru. Fassarar Sabon Alkawari da ya buga a 1847 ita ma ba ta sami albarkar coci ba.

A gidansa kuma abin da ya sami mahaifiyarsa ya dawo. Ya auri wata 'yar Biyana, Ana Kraus, a 1818, suka haifi 'ya'ya 13. Talauci da cuta suka yi ta ɗauka, wasu a zanin goyo, wasu sun tasa, kamar ɗansa Sava da ya rasu yana saurayi a 1837. Biyu kaɗai suka rayu bayansa: Mina, wadda ta zama mai zane da rubutu, da Dimitrije, wanda ya zama hafsan soja. Mutumin da ya rubuta wa duniya dalilin da ya sa uwa ke kiran ɗanta kyarkeci ya san dalilin a jikinsa sau 11. In na karanta wancan bayani nasa da wannan a raina, ba na jin muryar masani yana kallon camfin ƙauyawa daga sama. Ina jin ɗan mai wabi ne, wanda shi ma ya zama uban wabi, yana faɗin abin da aka yi masa ba tare da ya yi wa kowa dariya ba.

Ya rasu a Biyana a 1864. Bayan shekara huɗu, a 1868, gwamnatin Sabiya ta ɗage takunkumi ta karɓi tsarin rubutunsa gaba ɗaya. A 1897 aka ɗauko gawarsa aka binne a ƙofar babbar cocin Belgired, cocin da shugabanninta suka daɗe suna ƙyamar aikinsa. Daga nan sunan ya fara sabuwar rayuwa. A Sabiya in aka ce Vuk kawai, ba a ƙara komai ba, shi ake nufi. Ana cewa abacadar Vuk, harshen Vuk. Akwai mutum-mutuminsa a Belgired tun 1937, kuma unguwar da yake ma da shi ake kwatanta ta. A Tršić ana taron shekara-shekara da sunansa tun 1933. Mutuwar jarirai ta ragu ƙwarai, tsoron mayya ya ja baya, amma sunan bai tafi da su ba. A 'yan shekarun nan yana cikin waɗanda iyaye suka fi sa wa 'ya'ya maza, wasu don gajartarsa, wasu don tsufansa, wasu don malamin nan Karadžić. Vuk Jeremić, wanda ya shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya daga 2012 zuwa 2013, ya kai sunan inda iyayen Tršić ba su taɓa ji ba.

Makarantun ƙasar suna ba ɗalibin da ya gama firamare ko sakandare da maki mafi girma a kowane darasi wata takardar shaida mai sunan Vuk Karadžić. Irin wannan ɗalibi ana ce masa "vukovac". A ƙarni na 19 kalmar tana nufin mai goyon bayan Vuk a rigimar harshe. Yanzu in uwa a Belgired ko Novi Sad ta ce ɗanta vukovac ne, tana nufin yaron da ba ya faɗuwa jarrabawa.